Tsubasa, Blue Lock ko Ao Ashi: wanne ya kamata ka fara karantawa?

Duk wanda ya shiga neman manga na ƙwallon ƙafa, wato labaran zane na ƙasar Japan da ake bugawa babi-babi a mujalla kafin a haɗa su littafi, sunaye uku zai fi cin karo da su: Captain Tsubasa, Blue Lock da Ao Ashi. Daga nesa sai ka ce labari ɗaya ne aka sake wa riga. Yaro ne mai naci, ƙwallo a ƙafarsa, burinsa ya fi ƙarfin garinsu. Da ka buɗe su sai ka tarar kowanne da fahimtarsa game da abin da ake kira ɗan wasa, har wani yana ƙaryata wani. Kuma babu gajere a cikinsu, kowanne ya haura littafi 30. Wanda zai sa lokacinsa da kuɗin datarsa, ko zai saya wa ɗansa ko ƙaninsa, yana da haƙƙin ya san abin da zai shiga. Ni dai Ao Ashi na fi so, amma ba kowa zan miƙa wa shi ba, kuma zan faɗi dalili.

Tsubasa ne babba, don haka da shi za a fara. Yoichi Takahashi ya soma zana shi a mujallar Weekly Shonen Jump a 1981, bayan gasar cin kofin duniya ta 1978 a Ajantina ta sa masa son wasan. A wancan lokacin ƙwallon ƙafa ba kowa ba ce a Japan. Babu gasar ƙwararru, don sai 1993 aka buɗe J.League, kuma ƙasar ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba sai a 1998. A cikin wannan hali Takahashi ya zana yaro ɗan firamare, Tsubasa Ozora, wanda ya koma garin Nankatsu a yankin Shizuoka yana cewa shi zai ɗauko wa Japan kofin duniya. Ya ɗauki ƙwallo a matsayin abokiyarsa, da ita yake yawo, da ita yake kwana. A garin ya haɗu da Genzo Wakabayashi, gola mai ji da kansa, da Taro Misaki wanda suke fahimtar juna a fili ba sai sun yi magana ba, da Roberto Hongo, tsohon ɗan wasan Barazil da ciwon ido ya raba da wasa, wanda ya zama malaminsa. Kashin farko na labarin ya ƙare a 1988 da littafi 37, sannan wasu kashi suka biyo baya har Tsubasa ya je São Paulo, daga can ya wuce Barcelona.

Da yawa daga cikinmu sun san shi ba da wannan suna ba. Masu kallon tashoshin Larabci sun san shi da Kaftin Majid, waɗanda suka tashi da Faransanci kuma Olive et Tom suka sani. Sunansa ya yi nisa har aka manna hotonsa a jikin tankokin ruwan da Japan ta kai garin Samawa na Iraƙi don mutanen gari su saki jiki da su. Fernando Torres da Alessandro Del Piero suna cikin manyan 'yan wasan da suka ce sun taso suna kallonsa. Akwai ma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yaran Japan da suka girma da wannan labari su ne suka zo Najeriya a 1999 gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, su Shinji Ono da Naohiro Takahara, ƙarƙashin koci Philippe Troussier. Wasansu na farko a Kano suka buga shi, Kamaru ta ci su 2-1. Daga nan suka koma Bauchi suka doke Amurka da Ingila, suka yi ta tafiya har wasan ƙarshe a Legas, inda Sifaniya ta lallasa su 4-0. Wanda ya kalle su a filin Sani Abacha a waccan shekara ya ga 'ya'yan Tsubasa da idonsa.

Ƙarfin Tsubasa a zuciya yake. Takahashi ya iya sa ka ƙaunaci abokin hamayya. Kojiro Hyuga, wanda ya fi kowa zafin rai a labarin, maraya ne da yake rarraba jaridu don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa, kuma da ka san haka ba za ka ƙara kallon zafinsa a matsayin mugunta ba. Jun Misugi ya fi kusan kowa baiwa amma ciwon zuciya ba ya barinsa ya buga wasa cikakke. Ryo Ishizaki ba shi da wata baiwa sai tare ƙwallo da fuska. Yaro ɗan shekara tara zai samu kansa a cikin ɗaya daga cikinsu.

Sai dai ba ƙwallon gaskiya ake bugawa a ciki ba, kuma marubucin bai taɓa cewa ita yake zanawa ba. Ana buga ƙwallo ta yaga raga ta tsaga bango. Tagwayen Tachibana, ɗaya ya kwanta ya cilla ɗan'uwansa sama da tafin ƙafa don ya sa kai. Gola ɗan kareti yana taka turken raga ya yi tsalle. Wanda ya riga ya saba zaman gidan kallo yana musu a kan tsarin 4-3-3 zai gaji da wuri, don dabarar wasa kaɗan ce, mafi yawan wasannin ana raba gardama ne da wanda ya fi ƙarfin bugu da ƙarfin hali. Zanen kuma na zamaninsa ne, fuskokin suna kama da juna, ƙafafu dogaye fiye da kima. Wanda wannan zai dama, sai ya nemi katun ɗin da aka sake yi a 2018 mai kashi 52, ya fi na 1983 sauri da tsaftar hoto.

Blue Lock kuwa kamar an rubuta shi ne don a yi wa Tsubasa gardama. Muneyuki Kaneshiro ne ya tsara labarin, Yusuke Nomura ya zana, aka fara buga shi a Weekly Shonen Magazine a watan Agusta na 2018, makonni kaɗan bayan Beljiyom ta fitar da Japan daga kofin duniya a Rasha. Japan ce ke gaba da ci 2-0 a wasan, aka rama, sannan Nacer Chadli ya zura ta uku a daƙiƙun ƙarshe. Labarin ya tashi ne daga wannan ciwo. Hukumar ƙwallon ƙasar, a cikin labarin, ta ɗauko wani mutum mai suna Jinpachi Ego, wanda ya ce matsalar Japan ita ce haɗin kai ya yi mata yawa, ba ta da ɗan gaba mai son kansa da zai ga raga ya manta da kowa. Sai ya tara 'yan wasan gaba 300 daga makarantun sakandare ya kulle su a gini guda. Mutum ɗaya ake nema. Duk wanda aka kora, shi da rigar ƙasa har abada.

Jarumin, Yoichi Isagi, ya shigo da nadama a ransa. A wasan da zai kai makarantarsu gasar ƙasa ya samu kansa daga shi sai gola, ya tuna koyarwar cewa ƙwallo ta mutum goma sha ɗaya ce, ya ba abokinsa fasin. Abokin ya ɓarar, aka juyo aka ci su. Tambayar da ta hana shi barci ita ce me zai faru da ya buga da kansa. A cikin 300 shi ne na 299. A tsakanin sauran yaran gidan, ba shi da gudun Chigiri, ba shi da yankan Bachira, ba shi da ƙirar jikin Barou ko taɓin Nagi. Abin da yake da shi shi ne hango inda ƙwallo za ta faɗo kafin kowa, da bugawa ba tare da tsayar da ita ba.

A wajen riƙe mai karatu, babu na biyunsa a cikin ukun. Dokokin gidan kullum canzawa suke yi. An haɗa ƙungiya da 'yan gaba zalla, dole wani ya haƙura ya tsaya a raga. Abincin da za ka ci ya danganta da matsayinka, ƙwallon da ka ci za ka iya musanya ta da nama ko a dawo maka da wayarka. A wani mataki, ƙungiyar da ta yi nasara tana zaɓar mutum ɗaya daga wadda ta kayar ta tafi da shi, don haka abokinka na jiya yana iya barinka yau. Zanen Nomura ya fi na sauran biyun ƙarfi nesa ba kusa ba: idanu suna ci da wuta, tunanin Isagi yana wargajewa yana sake haɗuwa a kan shafi. Ba mamaki ya ci kyautar manga ta kamfanin buga littattafai na Kodansha a 2021, kuma a 2023 ya fi kowane manga ciniki a Japan. Katun ɗinsa ma ya faɗo a kan gaɓa, don ana tsaka da nuna shi a ƙarshen 2022 Japan ta doke Jamus da Sifaniya a Qatar.

Damuwata da shi biyu ce. Ta farko, harshen yaran yana da kaifi, zagi da wulaƙanta juna sun zama ruwan dare, ana kiran wanda aka kayar da sunaye marasa daɗi. Wannan ba littafin ɗan firamare ba ne. Ta biyu ta fi muhimmanci. Wanda ya yi nisa da karatu zai ga labarin ya fi farkonsa hankali, don Isagi yana cin nasara ne ta hanyar fahimtar abokan wasansa da amfani da motsinsu, har Barou mai kiran kansa sarki sai da wasa ya koya masa cewa ba shi kaɗai ke fili ba. Amma yaro ɗan shekara goma sha uku ba lallai ya kai nan ba. Abin da zai fara ɗauka shi ne cewa fasin rauni ne. Filayen unguwanninmu kuwa ba su rasa masu riƙe ƙwallo ba. Kowa lamba tara yake so ko lamba goma, kowa so yake ya yanke mutum uku a yi masa ihu. Japan ta rubuta Blue Lock ne don maganin ciwon da take ganin tana da shi, wato yawan kunya a gaban raga. Ciwon yaranmu sau da yawa akasin haka ne.

Shi ya sa na fi karkata ga Ao Ashi. Yugo Kobayashi ya fara shi a 2015 a mujallar Big Comic Spirits, wadda ta manya ce, ya kammala a 2025 da littafi 40, ya kuma ci kyautar manga ta kamfanin Shogakukan a 2020. Ashito Aoi yaro ne daga wani ƙaramin gari a bakin teku a yankin Ehime, mahaifiyarsa ita kaɗai ke riƙe da shi da yayansa. A ƙungiyar makarantarsu shi ne komai: a ba shi ƙwallo, ya ci. A wasansa na ƙarshe a ƙaramar sakandare golan abokan hamayya ya taɓa mutuncin gidansu, Ashito ya sa masa kai, aka ba shi jan kati, damar da yake sa rai ta shiga makaranta mai ƙarfin ƙwallo ta tafi. A nan ya haɗu da Tatsuya Fukuda, kocin matasa na wata ƙungiyar Tokyo mai suna Esperion, tsohon ɗan wasa da ya taka leda a Sifaniya kafin rauni ya tsayar da shi. Fukuda ya ce ya bayyana masa yadda ya ci wata ƙwallo. Ashito ya ɗebi sulalla ya jera a ƙasa, ya nuna inda kowane ɗaya daga cikin 'yan wasa 22 yake tsaye a lokacin. Shi kansa bai san cewa wannan baiwa ce ba.

Daga nan labarin ya bi hanyar da duk wanda ya taɓa zuwa gwaji zai gane. Kuɗin mota zuwa Tokyo matsala ne, sai da yayansa ya fasa ajiyarsa. Uwar ba ta son rabuwa da shi kuma ba ta iya faɗa ba, sai a wasiƙar da ya karanta a cikin jirgin ƙasa. Ya isa Esperion yana ganin shi gwani ne, ya tarar yaran da suka taso a ƙungiyar tun suna ƙanana sun fi shi komai. Bai iya tsayar da ƙwallo yadda ya kamata ba. Bai san dalilin da ya sa abokan wasansa biyu, Kuroda da Asari, suke fushi da shi ba, sai da ya gano da kansa cewa mutum uku ne ke buɗe hanya idan suka tsaya kamar duwatsun murhu, kowanne yana ganin sauran biyun. Kocin rukuni na biyu, Nozomi Date, ba ya ba shi amsa. Yana barinsa ya wahala har ya iya faɗin abin da ya gani da bakinsa, don a tsarin ƙungiyar abin da ɗan wasa bai iya bayyanawa ba, ba zai iya maimaita shi ba. Daga Kuribayashi, gwanin ƙungiyar, ya koyi waiwaye: ɗaga kai a dubi hagu da dama tun ƙwallo ba ta iso ba.

Akwai wani juyi da ba zan iya ɓoyewa ba, don shi ne zuciyar littafin, wanda ba ya son a ɓata masa labari sai ya tsallake wannan sakin layi. Daidai lokacin da Ashito ya fara cin ƙwallaye yana ganin ya samu wuri, Fukuda ya kira shi ya ce daga yau ya bar gaba, ya koma baya ta hagu, lamba uku. Ashe tun ranar sulallan nan abin da kocin ya hango ke nan: mai ganin fili duka ya fi amfani a inda fili duka yake gabansa. Kobayashi bai sauƙaƙa wannan ba. Yaron ya ji kamar an yaudare shi, ya yi kuka, ya kusa tattara kayansa. Sannan ya fara koyon tsaron gida daga tushe, yadda ake riƙe layi, yadda ake rufe gurbin abokin da ya fita, lokacin da ake matsawa ciki. Babu wani manga na ƙwallo da na sani da ya ba ɗan baya irin wannan daraja, kuma duk wanda ya ga yadda Philipp Lahm ko João Cancelo suke shigowa tsakiya daga gefe zai gane inda aka dosa.

Ao Ashi yana da nasa nauyin. Yana tafiya a hankali, wani lokaci babi guda ya ƙare a kan bayanin motsi ɗaya. Ashito a farko yana da hayaniya da taurin kai, sai an yi haƙuri da shi. Akwai 'yar soyayya tsakaninsa da Hana, ƙanwar Fukuda mai tsara masa abincin da ya dace da ɗan wasa, amma ba ta mamaye labarin ba. Akwai kuma Akutsu, babban ɗan baya mai muguwar mu'amala, wanda tarihin gidansu yake da ɗaci sosai idan aka zo kansa. Littafin ba ya ɓoye cewa mafi yawan yaran da ke akademi ba za su samu kwantiragi ba, kuma yana nuna waɗanda suka sani suna ci gaba da zuwa atisaye. Ƙaramin yaro zai ga duk wannan ya yi masa tsawo. Wanda ya kai shekara goma sha biyar yana buga wasa da gaske, shi zai ji kamar da shi ake.

Ga wanda yake tunanin kallo maimakon karatu, lissafin ya ɗan canza. Katun ɗin Ao Ashi na 2022, aikin kamfanin Production I.G, kashi 24 ne kuma ya tsaya tun labarin bai yi nisa ba, don haka dole a koma littafi. Zangon farko na Blue Lock shi ma kashi 24 ne kuma ya yi kyau, amma zango na biyu da ya fito a 2024 ya sha suka saboda hotunan ba sa motsi sosai, ga shi kuwa a nan ne babban wasansu da tawagar Japan ta 'yan ƙasa da shekara 20 yake. Wannan wasa a littafi ya fi daɗi. Tsubasa ne kaɗai zan ce kallonsa ya wadatar. Karatu kuma ya fi sauƙin data, tunda shafukan baƙi da fari ne. Daga dama ake farawa zuwa hagu, abin da ba zai ba wanda ya yi karatun allo wahala ba. Masu Faransanci a Nijar, Kamaru da Chadi sun fi samun sauƙi, don ukun duka an buga su da harshen: Glénat ta fitar da Tsubasa, Pika ta fitar da Blue Lock, Mangetsu ta fitar da Ao Ashi. Da Turanci kuwa Blue Lock ya fi sauƙin samu, ta hannun Kodansha.

To, wa zai ɗauki wanne? Idan yaro ne ɗan firamare ake so a sa masa son wasa da girmama abokin hamayya, Tsubasa, babu dogon tunani. Idan babba ne da ba ruwansa da buga ƙwallo, yana neman labarin da zai hana shi ajiye waya, Blue Lock zai biya shi, ko da bai san dokar satar gida ba. Haka ma ɗan gaban da yake da baiwa amma yake tsoron bugawa, wanda kullum sai ya nemi wanda zai miƙa wa alhaki, wannan Blue Lock magani ne a gare shi. Amma ɗan akademi, da kocin unguwa, da wanda aka mayar baya yana jin an rage masa daraja, da uban da ɗansa yake maganar tafiya gwaji wani gari, su Ao Ashi ya kamata su nema. Wanda ya ga kansa ba shi da baiwa ko kaɗan sai naci, akwai Days na Tsuyoshi Yasuda, wanda jaruminsa ya fara wasa a makare ba abin da ya iya sai gudu. Mai sha'awar aikin koci kuma ya dubi Giant Killing.

Idan kuɗinka ko lokacinka na guda ɗaya ne kuma har yanzu kana shakka, gwada littafin farko na Blue Lock, don shi tun babin farko yake nuna halinsa, ko ka so shi ko ka ƙi shi nan take. Ao Ashi ba a yanke masa hukunci da wuri haka. Ba shi dama har Ashito ya gama gwajin shiga Esperion ya fara atisaye da rukuni na biyu, a nan ainihin labarin yake farawa.